Takardar Addu'ar da Abdulbaƙi Ya Ƙi Gogewa

Akwai wani mutum a garin Daura mai suna Abdulbaƙi, yana da shagon kwamfuta a kan hanyar tasha. Buga takarda, fotokwafi, duba sakamakon jarabawa, hoton fasfo, duk yana yi. Mutum ne mai tsafta da riƙon addini, ba a taɓa kama shi da ha'inci ba. Aibinsa guda ne, jama'a: ba a gaya masa. In ka ce masa rigarsa ta kama wuta, sai ya tsaya yi maka bayanin irin yadin.

Abin da ya ɗaga shagonsa sama da na kowa labule ne. A ƙuryar shagon ya yanke ɗan ɗaki, ya rataya shuɗin labule mai kauri, ya ajiye kwamfutar a ciki da kyamararta a maƙale a saman allo. In mata suka zo ɗaukar hoto, sai ya tashi ya koma bencin waje, matarsa Murjanatu ta ja labule ta yi aikin.

Tun da aka dawo da shari'a, magidanta da yawa ba sa son namiji ya tsaya yana gyara wa iyalinsu zama a gaban kyamara. Ga shi kuma fasfon aikin hajji da katin ɗan ƙasa ba sa karɓar fuska a rufe. Saboda haka daga Zango, daga Babban Mutum, har daga Mai'adua ake cika mota a kawo mata wurin Murjanatu.

Hotunan matan suna cikin wata folda da ya sa wa suna Amana. Murjanatu kaɗai ke buɗe ta. Ita ke bugawa, ta yanka, ta sa a ambulan ta liƙe. Shi kuwa gogan yana waje yana cika baki, wai fuskar da ta shiga kwamfutarsa ko shi bai gan ta ba, balle wani ƙato. Kuma gaskiya ya faɗa, ko sau ɗaya bai taɓa leƙawa ba.

Babban abin alfaharinsa shi ne ranar da Malam Jafaru na Zango ya kawo maiɗakinsa Kubura. Malamin zaure ne mai kwarjini, matarsa kuwa tun da aka kawo ta gidan ba namijin waje da ya san kalar fuskarta. Malam ya zauna a benci ya ce da Abdulbaƙi, don an ce akwai amana a nan ya zo. Ranar, wallahi, kan Abdulbaƙi ya kusa ƙin shiga hularsa.

To, akwai wata manhaja a kwamfutar, wadda ke buɗe takardun PDF, irin waɗanda ake turo sakamakon jarabawa da takardun ɗaukar aiki a ciki. Tun da ya sayi kwamfutar take nan, bai taɓa sabunta ta ba. Kullum da safe sai wani ɗan akwati ya fito a gefen allo yana cewa an gano ɓaraka a manhajar, an toshe ta a sabon zubi, a daure a sabunta. Abdulbaƙi ya raɗa wa akwatin suna Mai Naci. Da ya fito sai ya danna masa sai an jima. A cewarsa wayon cin data ne kawai, kuma ya san tsohuwar kamar yunwar cikinsa, ba zai yarda a sauya masa wurin maɓallai ba.

Yana da taubashi mai suna Kalilu, ɗan ƙanwar mahaifinsa, wanda ke koyar da kwamfuta a wata sakandare. Kun dai san tsakanin taubasai, ba a magana sai da tsiya. Tun suna yara haka suke, don haka duk abin da ya fito daga bakin Kalilu, Abdulbaƙi wasa yake ɗaukarsa. Kalilu ya sha gaya masa cewa masu kutse sun iya ɗinka mugun abu a cikin takarda, da ka buɗe ta da tsohuwar manhaja sai ya silale cikin kwamfuta. Abdulbaƙi yakan yi dariya ya ce, bawansa ne ke son ya koya wa ubangidansa sana'a.

Ana nan, rannan wani saƙo ya shigo imel ɗin shagon daga wani suna da bai sani ba. Takardar PDF ce, an rubuta mata: Addu'ar tsarin dukiya da wurin sana'a, a buɗe kullum da safe.

Ya danna. Allon ya yi baƙi ƙirin na ɗan lokaci, kamar ƙiftawar ido, sannan ya dawo. Sai ga rubutun Larabci mai kyan gaske, da zanen kore a kewaye, ga sunayen Allah a jere. Ya karanta, bai ga kuskure ko ɗaya ba. Ransa ya yi fari. Ya ce lallai wani bawan Allah ne ya tuna da shi.

Daga ranar ya mai da ita al'ada. Yana kunna kwamfuta, kafin ya taɓa aikin kowa, sai ya buɗe takardar, ya karanta, ya shafa. Kamar yadda direba ke rataya laya a madubin mota, haka ya ɗauke ta. Kuma kullum allon sai ya yi wannan ƙiftawar. Da Kalilu ya leƙo, har nuna masa ya yi, ya ce ga nasa maganin masu kutsen, kuma ba ya cin data.

Ba a jima ba abubuwa suka fara sauyawa a ɗakin.

Fankar cikin kwamfutar ta fara wani irin gurnani ko ba a aikin komai. A taɓa jikinta a ji zafi rau, kamar mai zazzaɓi. Data kuwa, wadda yake tattali, ta dinga ƙarewa ba dalili. Ya ce zafin gari ne, kuma kamfanin layi ɓarayi ne.

Murjanatu ce ta fara tsarguwa. Ta ce masa akwai ɗan koren haske a gefen kyamarar, wanda ba ya kamawa sai za ta ɗauki hoto. Yanzu yana kamawa da kansa. Tana cikin shara ko tana cin abinci, sai ta ji a jikinta kamar an zuba mata ido, ta waiga, ta gan shi a kunne. In ta matso, ya mutu.

Wata ranar Juma'a ya dawo daga masallaci ya same ta a bencin waje, cikin rana, ta rufe jikinta ruf da hijabi. Unguwar ta yi tsit lokacin da maza suka tafi salla, ita kuma ta shiga ciki ta cire ɗankwali don ta sha iska. Ta ce da shi, muryarta ƙasa ƙasa:

"Baban Adama, ana kallonmu a ɗakin nan. Ban san ko waye ba, amma ana kallonmu."

Ya yi mata dariya. Ya ce finafinan aljanun da take kallo ne suka fara tambayarta. Daga ranar ba ta ƙara zama a ɗakin ita kaɗai ba.

Har wata tsohuwa, Nagoggo, da ta rako jikarta ɗaukar hoto, sai da ta tsaya a bakin labule ta ƙi shiga. Ta ce ita dai jikinta bai ba ta ɗakin ba. Abdulbaƙi ya ce tsufa ne.

Sai da abin ya zo kansa.

Bayan azahar ne, rana ta take, titi ba kowa sai wani akuya da ke kwance a inuwar shagon. Yana zaune gaban kwamfutar yana cin gyaɗa, hannayensa duka biyu a cikin leda. Sai ya ga kibiyar allon ta motsa.

Ya tsaya da tauna. Linzamin kwamfutar yana kan tebur, ba mai taɓa shi. Kibiyar ta yi gaba kaɗan, ta tsaya, kamar baƙon da ke duba ko masu gida suna nan. Sannan ta gangara a hankali, ta tsallake foldar jarabawa, ta tsallake ta katin biki, ta je ta tsaya cak a kan Amana.

Ya cafki linzamin ya ja ta gefe. Ta dawo. Ya sake ja, ta sake dawowa, ba gaggawa, ba fushi. Ya ɗaga kai ya ga koren hasken nan a kunne, yana kallonsa.

Ya shiga karanta duk abin da ya zo masa. Can sai kibiyar ta saki, hasken ya mutu. Wanda ke can ɗaya gefen ya ga an farga ne ya janye, amma Abdulbaƙi bai san haka ba. Shi a wurinsa magana ta ƙare: mutanen ɓoye ne, kuma karatu ya kore su.

To me zai ƙara? Sai ya ƙara buɗe takardar addu'ar. Da safe, da rana, da la'asar, duk sanda gabansa ya faɗi. Allah sarki. Mutum yana ta buɗe wa ɓarawo ƙofa, yana ganin sakata yake sawa.

Da abin ya ƙi ci ya ƙi cinyewa, sai ya hau babur ya tafi Zango ya ɗauko Malam Jafaru. Malam ya shiga ɗakin, ya yi karatu, ya yi tofi a kusurwoyi, ya daɗe a tsaye yana sauraro. Da ya fito ya ce shi dai bai ji alamar abin da ya sani ba. Ya ce addu'a ba ta faɗuwa ƙasa, amma abin ƙarfe yana da masanansa, a kira su su duba. Abdulbaƙi ya amsa da to. Bai ba shi labarin takardar ba, don bai ga abin da ya haɗa ta da zancen ba.

Kiran Kalilu kuwa ya yi masa nauyi. Taubashi ya ji cewa kibiya ta kore shi daga kan kujera? Ai har jikoki sai sun ji. Murjanatu ce ta gaji ta aika masa.

Kalilu ya zo, ya zauna, ya ɗan bincika. Wannan karon ba tsiya a bakinsa. Ya ce akwai mutum a cikin kwamfutar nan, ɗan Adam mai jini da tsoka, yana zaune a wani gari yana ganin duk abin da kyamara ke gani. Ta takardar addu'ar ya shigo, ta ɓarakar da Mai Naci ya daɗe yana roƙon a toshe. Ya ce a cire intanet yanzu, a goge takardar, a wanke kwamfutar tas, a sa sabuwar manhaja.

Abdulbaƙi ya dube shi kamar ya zagi mahaifinsa. Ya nuna hoton ɗan kwandon da ke kusurwar allo, inda abin da aka goge ke faɗawa.

"Kalilu, ni ko a titi na ga takarda da rubutun Larabci sai na ɗauke ta na sa a ramin bango. Shi ne kake so in ɗauki sunayen Allah da hannuna in jefa a kwandon shara? Boko ya kai ka nan?"

Kalilu ya yi rantsuwa, ya yi magiya, ya ce to ko intanet ɗin a cire. Abdulbaƙi ya ce ana tsakiyar duba sakamakon jarabawa, yara sun yi layi, ba zai rufe sana'arsa don tatsuniyar taubashi ba. Da ƙyar Murjanatu ta samu ta riƙa yafa ƙyalle a kan kyamarar in ba aiki. Amma abin da aka riga aka kwasa, an kwasa.

Ranar da abin ya fashe, da hantsi ne. Abdulbaƙi yana bencin waje sai ga Malam Jafaru ya sauko daga mota, tare da wani dogon mutum da idanunsa suka kaɗa jawur. Harisu ne, yayan Kubura, mai fataucin dabbobi.

Harisu ne ya ba da labari, yana yi yana haɗiye fushi. Suna zaune a wata rumfa a Kongolam, can bakin iyakar Nijar, wani abokin fataucinsa, Ɗantsoho, ya fito da waya yana nuna wa mutane wata bazawara da ya samu a Facebook, wai har sun fara zancen aure. Waya ta bi hannu hannu, ana yaba kyau, ana tsokana, har ta iso hannun Harisu. Ya duba ya ga ƙanwarsa, uwa ɗaya uba ɗaya, matar Malam.

Bai yi tunani ba. Ya ƙwace wayar ya nufi Zango, ya shiga gidan yana faɗa tun daga zaure, har maƙwabta suka ji. Kubura ta yi kuka har muryarta ta dushe, tana rantsuwa ita ko wayar shafawa ba ta taɓa riƙewa ba. Malam ne ya karɓi wayar ya duba da kyau. Bai kalli fuskar ba, bayanta ya kalla. Ya ga shuɗin labule.

Malam ya miƙa wa Abdulbaƙi wayar. Ya ce ya duba.

Abdulbaƙi ya kau da kai, ya ce Allah gafarta Malam, iyalinka ce. Malam ya ce, ai rumfa guda ta riga ta gani, kai ne kaɗai ka rage.

Ya duba. Ba hoton fasfon ba ne. Wannan hoton ba Murjanatu ce ta ɗauke shi ba, kyamarar ce ta sace shi ranar da aka sake kawo Kubura ɗaukar hoto. Mace ce ta ɗage niƙabi tana dariya, hannunta a kan kumatu, irin dariyar da mace ke yi in ta tabbata ba namiji a kusa. Fuskar da ya yi ta alfaharin bai taɓa gani ba, ga ta a wayar wani bafatake, gilashin duk maiƙon hannun mutane.

Harisu ya ce ya shafa gaba, akwai wadda aka turo wa Ɗantsoho aka ce ƙanwar bazawarar ce, ko yana da aboki mai so.

Ya shafa.

Murjanatu ce. Kanta ba ɗankwali, kitsonta a waje, ta juyo tana kallon kyamarar kai tsaye, tsoro ƙarara a idonta. Ya gane atamfar. Ita ce ta jikinta ranar Juma'ar da ta ce masa ana kallonsu, ya yi mata dariya.

Ya zauna a ƙasa, nan bakin shagon, a gaban mutane.

Aka kira Kalilu. Suka shiga ɗakin su duka, aka yaye ƙyallen don ya nuna wa Malam yadda abin yake. Yana cikin bayani, sai koren hasken ya kama. Maza huɗu a tsaye suna kallon ɗan haske kamar ƙwayar gero, shi ma yana kallonsu. Kalilu ya miƙa hannu a hankali ya zare wayar intanet, hasken ya mutu.

Nan ne Malam ya fara jin labarin takardar addu'ar, da dalilin da ya sa aka ƙi goge ta. Ya juyo wurin Abdulbaƙi. Sannan ya ce:

"Abdulbaƙi, sunan Allah ba ya shiga kwandon shara. Wanda ya naɗe sata a cikinsa shi ya wulaƙanta shi. Ko takardar gaske ce aka shafa wa guba, ƙona ta ake yi. Ka tafi har Zango ka ɗauko ni in kori aljani, me ya hana ka yi mini wannan tambaya guda?"

Abdulbaƙi ya matsa gaban kwamfutar. Da hannunsa ya goge ta, hawaye na zuba.

Kalilu ya wanke kwamfutar, ya sa sabuwar manhaja, ya saita ta ta riƙa sabunta kanta. Aikin da aka yi shekaru ana gudu bai kai tsawon shan shayi ba. Aka kai ƙorafi aka rufe shafin bazawarar ƙarya. Amma wa ya san shafuka nawa ne, ko wayoyi nawa hotunan suka kwana? Wanda ya yi kutsen ba a taɓa sanin ko waye ba, ko a wace ƙasa yake.

Malam Jafaru ya tsaya a masallacin unguwarsu ya wanke matarsa a bainar jama'a. Harisu ya durƙusa ya ba ta haƙuri. Duk da haka Kubura ta daina zuwa biki da suna, don ta ce duk namijin da ta wuce, sai ta ji kamar ya san abin da ke ƙarƙashin niƙabin.

Abdulbaƙi ya bi gidajen matan da hotunansu ke cikin foldar, gida gida, ya tsaya a zaure ya faɗa wa mazajensu gaskiya. Wasu sun yafe, wasu sun rufe masa ƙofa. Motocin Zango da Babban Mutum suka daina tsayawa a bakin shagon. Labulen yana nan a rataye, ba mai shiga bayansa.

Murjanatu ba ta yi yaji ba, ba ta taɓa goranta masa ba. Ta ce ta yafe, kuma da gaske take. Sai dai har yau, in ya dawo gida ya ajiye wayarsa a kan tabarma, takan miƙa hannu ta kifa ta, ta ɗora mata faifai. Sannan ta cire ɗankwalinta.

Kullum yana gani, kuma bai taɓa iya ce mata ta daina ba.

Darasi: In manhajar buɗe takardu ta ce a sabunta ta, ka sabunta a lokacin, don wata ƙofa ce ake son toshe maka kafin ɓarawo ya gan ta. Kada ka buɗe takardar da ba ka san wanda ya turo ba, ko da sunan addu'a ta zo, domin mugu ya san abin da muke girmamawa kuma da shi yake lulluɓe tarkonsa. Yi addu'a, ka kuma ji maganar masana, ko da daga bakin abokin wasanka ta fito. Abin da ke cikin na'urarka ba naka ba ne kai kaɗai, mutuncin wasu ne aka ba ka ajiya. Ku tura wa 'yan uwa, musamman masu shagon kwamfuta da duk mai riƙe da hotunan mutane, ko Allah zai sa wani ya danna sabuntawa yau.